Jijiyar Tela

Shekara arba'in da biyar ke nan ina riƙe da allura, amma har yau in na ga ta asibiti sai tsoro ya kama ni. Abokan sana'ata sun yi mini dariya har sun gaji. Wai tela guda, a ce allura yake tsoro. Nakan ce musu tawa yadi take shiga, ba naman mutum ba. To, duk da wannan tsoro nawa, sai da aka ɗebi jinina sau ɗari da talatin da biyu, kuma hannu ɗaya ne ya ɗebe shi duka, hannun matata.

Ita ce wadda mutane suke kira Farfesa. Ni Likita nake ce mata, don na san ba ta so. "Ni ba na ba kowa magani," in ji ta, "tambaya kawai nake yi." Aikinta binciken garkuwar jiki ne, wato yadda jikin mutum yake gane cuta, ya yaƙe ta, sannan ya riƙe kamanninta don kada ta sake yi masa shigar sauri. Lokacin da na san ta ba ta zama kowa ba. Ƙaramar ma'aikaciya ce a ɗakin gwaje-gwaje, rabin yininta a wankin kwalabe yake ƙarewa. Ta kawo mini farin yadi shago ta ce in ɗinka mata rigar aiki mai aljihu uku, ɗaya daga ciki a ɓoye, don ana ɗauke mata biro. Na ɗinka, ta dawo da ita sau biyu wai hannu ya yi tsawo. A dawowa ta uku na gane ba hannun riga ne matsalar ba.

A shekarar da muka yi aure ta gano akwai wata allurar rigakafi da ba a yi mini ba ina yaro. Ta tasa ni gaba har asibiti kamar wanda ya yi laifi, aka yi mini. A hanyar dawowa ta yi shiru, irin shirun da daga baya na koyi jin tsoronsa. Can sai ta ce abin da yake damunta shi ne babu wanda ya san iya shekarun da jiki yake yi bai manta rigakafin nan ba. Don a sani, sai an bi mutum ɗaya ana auna jininsa shekara da shekaru, mutane kuwa ƙaura suke yi, ko su gaji, ko su mutu.

"Kai kuwa," ta ce, ta dube ni sama da ƙasa, "ina za ka?"

Haka na zama Lamba Ɗaya. Daga baya ta samu ɗaruruwan mutane, kowa da lambarsa, amma ni ne aka fara da shi, kuma ni kaɗai ne ba ni da hanyar gudu, tun da gida ɗaya muke kwana.

Ranar farko ba ta yi kyau ba. A tsakiyar hannuna na hagu akwai wata jijiya mai kauri, kowa ya gan ta sai ya ce ga wurin suka. Maƙaryaciya ce. Da allura ta taɓa ta sai ta zame gefe. Sau uku matata tana suka tana kuskurewa, a na huɗu na ga ɗakin yana juyawa. Na farka a ƙasa, kaina kusa da bokitin shara, ita kuma tana yi mini fifita da takardun aikinta tana kuka tana dariya. Na rantse ba zan sake dawowa ba. Bayan wata uku na dawo.

Daga nan abin ya samu tsarinsa, bai sake canzawa ba har shekara talatin da uku. Litinin ta farko a kowane wata uku, ba na karyawa. In sa riga mai faɗin hannu, in rufe shago, in hau bas zuwa wurin aikinta. Bene na uku, dogon baranda mai warin maganin wanke ƙasa, manyan firizojin ajiye jini a jere suna gurnani kamar tsofaffin da suka ƙoshi. A ƙarshen barandar akwai wani ɗan ɗaki mai kujera ɗaya da tebur da taga, tagar tana kallon tankin ruwa da reshen wata bishiya. Ta rufe ƙofa. Da can agogonta take cirewa ta sa a aljihun tebur, da wayar hannu ta zo sai ta koma sa waya. Ta ɗora tafinta a kan hannuna ta bar shi ya yi ɗumi. Ta tsallake maƙaryaciyar, ta nemo wata siririya a gefe wadda ido ba ya gani sai yatsa.

"Kalli taga," ta ce. "Me ka ɗinka jiya?"

Ni kuwa ba a yi mini wannan tambaya in yi shiru. Sai in fara ba ta labarin mutumin da ya kawo yadi uku yana son riga da wando da hula, ko matar da ta rantse ƙugunta bai ƙaru ba, tef ɗina ne ya tsufa. Ban kai ƙarshen labari ba sai in ji ta ce, "An gama. Danne audugar."

Minti goma ne duka duka. Amma ni zan faɗi gaskiya, a cikin wata uku waɗannan mintoci goma su ne nake da tabbacin nawa ne. Likita ta yi sama, ta yi digiri a kan digiri, aka fara kiranta ƙasashe. Ta tafi mako biyu ta dawo da jaka cike da takardu da 'yar tsarabar almakashi. A gida ma rabinta ne yake zaune da mu. Ana cin abinci sai ta ajiye cokali ta zaro biro daga ɓoyayyen aljihu ta yi rubutu a bayan ambulan. Ɗalibai kuwa kamar ƙudaje, har falonmu suke biyo ta, su zauna a kan kujerata suna yi mini sannu kamar ni ne baƙon. Na ji haushin firizojin nan, ba zan ɓoye ba. In aka ɗauke wuta, kafin ta tambayi ko yara sun ci abinci ta riga ta kira mai gadi ta ji ko janareta ya tashi. Sai a ɗan ɗakin nan ne kawai take rufe ƙofa, ta ajiye duniya a aljihun tebur, ta tambaye ni aikina.

Rubuce-rubucenta ba na iya karanta su, ba da harshenmu ake yi ba, kuma ko da harshenmu ne ba na jin zan fahimta. Babbar 'yarmu ce ta nuna mini yadda zan nemo kaina a ciki. A kusan kowace takarda akwai zane mai layuka, kuma layin da ya fi kowane tsawo, mai baƙaƙen ɗigo-ɗigo, ni ne. Kowane ɗigo Litinin ɗaya ce. Nakan ɗora yatsa a kan wani in ce wannan lokacin ne aka haifi autanmu, wannan kuma lokacin da muka yi wata guda ba ma magana amma duk da haka na je.

Shekara biyu ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta. Ciwon bai ɗauki lokaci ba. Matar da ta ƙare rayuwarta tana nazarin yadda jiki yake kare kansa, nata jikin ya ba da kai cikin mako shida.

Bayan wata huɗu cibiyarsu ta shirya taron tunawa da ita. Aka zaunar da ni a layin gaba, na sa rigar da na ɗinka wa kaina musamman. Aka kafa babban allo, mutane suna ta bayyana a kai daga ƙasashen da ban san sunansu ba, baƙaƙe da farare, tsofaffi da masu jini a jika, kowa yana cewa ita ta koyar da shi ko ta koyar da malaminsa. Wani ya ce sau dubbai aka kafa hujja da aikinta. Wata ta ce saboda bincikenta ne aka sake duba lokacin da ake maimaita rigakafin a wurinsu. Aka jero sunayen abokan aikinta, da ɗalibanta, har da mai gyaran firiza. Sannan aka haska zanen nan mai dogon layi, wani dattijo ya ce wannan shi ne gadon da ta bar wa ilimi, kuma duk suna yi wa wannan bawan Allah da ba a san ko wane ne ba godiya. Aka tafa. Ni ma na tafa, me zan yi?

Na san doka ce. Ba a faɗin sunan wanda ya ba da jini, kuma Likita ba ta karya doka ko don mijinta. Amma na koma gida a ranar raina ba daɗi. Shekara talatin da uku, a duk abin da ta bari babu inda nake sai a lamba. Na ninke rigar na sa a ƙasan akwati, ban sake sa ta ba.

Ranar wata Laraba da hantsi ina kan keken ɗinki ina haɗa hannun riga, sai inuwa ta rufe mini haske. Na ɗaga kai na ga Auta. Ba 'yata ba ce, ɗalibar Likita ce ta ƙarshe, shi ya sa kowa yake kiranta haka, ko da yake yanzu ita ma ta haura arba'in kuma ita ce ta gaji ɗakin binciken. Ta gaishe ni har ƙasa, na ture tarkacen yadi daga benci ta zauna. Ta daɗe tana murza jakarta.

"Baba, makon jiya aka ba ni izinin buɗe takardar da Farfesa ta kulle, wadda take nuna wane ne wace lamba." Ta dube ni. "Wallahi ban sani ba. Shekara goma sha ɗaya ina auna jininka, ina zuwa gidanka ina shan shayi."

"To yanzu kin sani," na ce, na ci gaba da taka keke.

Ta jira na kai ƙarshen layi, sannan ta yi bayani. Likita shekara talatin da biyar ta tsara wa binciken, kuma wannan watan ne suke cika. A awo biyu na ƙarshe kafin ta rasu, layina ya ɗan sunkuya. Ba a sani ba ko jikina ya fara manta rigakafin ne, ko ɗan tangaɗi ne kawai. Takardarta ta ƙarshe tana nan a rubuce da hannunta, shafi ɗaya ne babu, kuma shafin ba zai cika ba sai da jinina na wannan watan. In watan ya wuce, za a fitar da takardar haka nan, tambayar da ta fara da ita ba amsa.

"Ku nemi Lamba Biyu," na ce.

"Ya rasu, Baba. Ta Uku ta ƙaura tun da daɗewa. Babu wanda ya kai ko shekara ashirin da biyar sai kai."

"Ai kuwa kun yi rashi. Ni na yi ritaya."

"Baba, cokali biyu ne kawai."

Nan raina ya ɓaci, na tsayar da keken. Na ce mata ni ba rijiya ba ce da kowa zai zo da gugarsa. Na ce wadda na yi wa alkawari ta tafi, kuma tun da ta tafi ko awon hawan jini ban bari an yi mini a wannan hannun ba. Na ce su rubuta a takardarsu cewa Lamba Ɗaya ya gaji, ai lamba ba ta da fuskar da za ta ji kunya. Na faɗi fiye da haka ma, abin da bai kamata dattijo ya faɗa wa 'yar da ta durƙusa ta gaishe shi ba. Ta saurara har na gama, idonta ya kawo ruwa, ta miƙe.

"Litinin ina nan tun ƙarfe takwas," ta ce. "Ko ba ka zo ba ina nan."

Ranar Asabar babbar 'yarmu ta zo da jikoki, ashe labari ya kai mata. Ta bari sai da yaran suka fita tsakar gida.

"Baba, tsoron allurar ne har yanzu? In raka ka?"

"Ke, ni sa'anki ne?"

"To mene ne? Aikin Mama ne fa."

Na rasa yadda zan gaya mata. Yaya mutum zai ce wa 'yarsa yana tsoron ya shiga ɗakin nan, a rufe ƙofa, ya ji baƙon hannu a inda ya saba jin na uwarta? Muddin ban koma ba, Litinin ta ƙarshe da na sani tata ce. In na koma, ta ƙarshen ta zama ta wata. Na ce mata kawai zan duba, ta san kuma in na ce haka na ƙi ke nan.

Litinin na tashi da niyyar shago. Na yi wanka na shirya na fita, na buɗe ƙofar shagon, na zare ƙyallen da nake rufe keke da shi. Mai shayin da ke gefena ya leƙo ya ce a kawo ne? Na buɗe baki zan ce e, sai na ji kaina na ce a'a, yau ba na karyawa. Na dubi jikina. Rigar nan ce mai faɗin hannu, wadda shekara biyu ban taɓa ta ba, ban kuma san lokacin da na zaro ta ba. Na zauna a kan benci na ɗan jima. Kewarta ta taso mini, irin wadda ban ji ba tun makon farko. Na mayar da ƙyallen a kan keke na rufe shagon.

An yi wa barandar sabon fenti, amma warin yana nan, firizojin ma suna nan da gurnaninsu. Auta tana tsaye a ƙofar ɗan ɗakin da tire a hannu. Ba ta ce komai ba sai sannu da zuwa, na ji daɗin hakan. Na shiga na zauna. Tankin ruwan ya yi tsatsa, bishiyar ta kai rabin taga. A bayan ƙofa ga farar riga a rataye, na gane ɗinkina tun daga nesa, ta bakwai ce a cikin waɗanda na yi mata.

"Ba wanda ya iya cire ta," in ji Auta.

Ta rufe ƙofa. Ta zaro wayarta ta buɗe aljihun tebur ta saka. Na bi hannunta da kallo. Ta sa safar roba. Ta naɗe mini hannun riga na hagu, ta ɗora tafinta a kai ta bar shi. Tafin ya fi na Likita faɗi, kuma ya fi sanyi da farko. Sannan ta taɓa maƙaryaciyar da yatsa, jijiyar ta zame, sai ta yi ɗan murmushi ta ce a hankali, kamar mai magana da kanta, "Jijiyar tela."

"Me kika ce?"

"Haka ake kiran irinta, wadda take gudu in an..." Ta tsaya. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ta dubi guntun zaren da ya maƙale a gaban rigata. Yatsanta yana nan a kan jijiyar.

"Wa ya sa mata wannan suna?" na tambaya.

"Farfesa." Muryarta ta canza. "Ranar farko da duk wani ɗalibi zai zo wurinta, kafin ya taɓa na'ura ko ɗaya, sai ta kawo shi ɗakin nan ta koya masa ɗiban jini da kanta. Ta ce waya a aljihun tebur. Ta ce ka ɗuma hannun da tafinka. Kada ka yarda da jijiyar da ta fi kyau a ido, jijiyar tela ce, nemi ta gefe. Ka sa mutum ya kalli taga, ka tambaye shi aikinsa, don babu wanda yake jin zafi yana maganar aikinsa. Takan ce a hannun wani tela ta koya, ta soke shi har ya suma, kuma bai gudu ba, don haka duk abin da muka sani a ɗakin nan albarkacinsa muka ci." Ta share ido da kafaɗa, don hannayenta suna cikin safar roba. "Mun ɗauka labari ne irin na malamai, Baba. Duk waɗanda ka gani a allon nan ranar taro haka suke koyar da nasu ɗaliban. Na je taro wata ƙasa na ji wata yarinya tana faɗinsa da harshensu, na tambaye ta wane tela, ta ce ita ma ba ta sani ba, haka malaminta yake cewa."

Tafinta ya yi ɗumi a kan hannuna. Yatsanta ya matsa gefe ya sami siririyar ba tare da lalube ba, daidai inda ake samunta.

"Kalli taga, Baba," ta ce. "Me ka ɗinka jiya?"

Na juya na kalli tankin ruwa. Na ce jiya Lahadi ce, ban buɗe ba, amma ranar Juma'a wani ya kawo mini rigar mahaifinsa da ya rasu wai in rage masa ita, mutumin kuwa ya fi uban nasa ƙiba nesa ba kusa ba. Na ce masa ni ragewa na iya, ban iya ƙirƙirar yadi ba. Ya ce to in buɗe ta ta gefe in sa wani ƙyalle, ko da launin bai zo ɗaya ba, shi dai ya sa ta. Ina cikin faɗin yadda na rasa ƙyallen da zai dace sai na ji an ɗora auduga.

"An gama. Danne."

Na danne, amma ban juyo ba. Na ji tana rufe kwalbar, na ji biro yana rubuta lamba a jikinta. Reshen bishiyar yana taɓa gilashin taga. Na san sarai wace ce a bayana, ban ruɗe ba, amma muddin idona yana kan tagar, ɗumin da ya rage a hannuna na wadda na sani ne.

"Baba? Jiri kake ji?"

"A'a, 'yata," na ce. "Ɗan bar ni haka tukuna. Kada ki buɗe ƙofar."